Ɗan Aiken da Na Ɓoye a Cikin Fitilu

Litinin, 3 ga Maris

Sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da wasanmu, ta sake mutuwa yau. Karo na biyar ke nan cikin mako biyu.

Hutun ƙarfe sha ɗaya ne, mu tara 'yan kulob ɗin kwamfuta muna ɗakin kwamfuta, kowa ya shiga garin da muka yi wata bakwai muna ginawa a cikin wasan. Ina kafa fitila a bakin gada sai hannun mutuniyata ta cikin wasan ya tsaya a sama. Tsuntsaye suka ƙame a iska, kogi ya zama kamar zane. Minti ɗaya cur, sannan allon kowa ya yi baƙi. Fankar tsohuwar kwamfutar nan da ke ƙarƙashin teburin Malama, wadda duk garinmu ke cikinta, ta yi shiru.

Ƙawata Aku ta ce, "Allah ya jiƙan rai, ko wasiyya ba ta bari ba." Babu wanda ya yi dariya sai ni, ni ma a cikin hijabi.

Shugaba, wato shugabar kulob ɗinmu, ta tashi ta tayar da sabar, tunda ita kaɗai ce ɗalibar da ke da kalmar sirri. Ba ta kalli kowa ba. 'Yan aji shida haka suke, amma ita tata ta fi ta kowa.

Malama ta ce baje kolin makarantu saura kwana goma sha biyu, kuma ba za ta kai garin da ke suma a gaban baƙi ba.

Talata, 4 ga Maris

Ba ta mutu ba yau.

Na gama littafin nan mai bango ruwan hoda a cikin mota. Jarumin ya auri wadda ban so ba. Na kife shi a ƙasan jaka don ya ji a jikinsa.

Laraba, 5 ga Maris

Ta mutu. Sha ɗaya da minti ɗaya.

Malama ta tara mu gaban allo ta yi mana bayani. Ta ce sabar hannu ɗaya gare ta, da shi take yin komai: ta motsa ruwa, ta buɗe ƙofa, ta saurari 'yan aikenmu (haka take kiran ƙananan umarnin da kowannenmu ya rubuta ya maƙala wa wasan). Idan wani ɗan aike ya riƙe hannun nan bai saki ba, komai ya tsaya. Kuma akwai mai gadi a cikinta, idan ya ƙirga daƙiƙa sittin bai ji motsinta ba sai ya kashe ta, wai don kar ta lalata abin da aka adana.

Sai Shugaba ta kawo rajista, inda sabar ke rubuta duk abin da ya faru. Layi na ƙarshe kafin mutuwar: ɗan aiken yanayi ya fita, sha ɗaya daidai.

Na Aku ne. Duk awa yana zuwa intanet ya tambayo yadda sama take a waje, idan ana ruwa a makaranta sai a yi ruwa a garinmu. Shi ya sa aka saka ta cikin mutum huɗun da za su tsaya a baje koli.

Shugaba ta ce, "Shi kaɗai ne yake fita waje. Sauran duk a cikin gida suke aiki."

Aku ta ce wata uku yana fita yana dawowa lafiya, me ya sa sai yanzu zai koyi yawo. Malama ta ce za a cire shi gobe a gani. Idan mutuwar ta tsaya, to an san mai laifi, kuma Laraba mai zuwa za ta miƙa sunaye huɗu ba tare da na Aku ba.

Ba shi kaɗai ne yake fita waje ba.

Na rubuta, na gani da idona, yanzu bari in rufe littafin nan.

Alhamis, 6 ga Maris

To. Tunda babu mai karanta wannan sai ni.

A cikin ɗan aikena na fitilun titi, can ƙasa bayan layi na ɗari da wani abu inda na san babu mai haƙurin dubawa, akwai wani ɗan aiken. Mako uku da suka wuce na saka shi. A bayan tankin ruwa na garinmu na haƙa wani ɗan ɗaki, ƙofarsa kalar bango, a ciki akwati ɗaya. Duk wanda ya buɗe akwatin, ɗan aiken zai je wani shafi nawa na intanet ya ɗauko wasiƙar ranar.

Wasiƙun na wani mai gadin tashar jirgin ƙasa ne, yana rubuta wa wata mai ɗinki da tagarta ke kallon layin dogo. Bai taɓa aika ko ɗaya ba. Ni nake rubuta su da yamma a wayar Umma idan ta shiga wanka. Ta farko cewa ya yi: "Yau ma jirgin ƙarfe huɗu ya wuce ban ƙirga taragunsa ba, saboda kin buɗe taga."

Ban yi don kowa ya gani ba. Ko kuma na yi. Ban sani ba. Ina son su kasance a wani wuri da ba ƙarƙashin katifa ba.

Kuma wani yana karantawa. Shafin yana nuna mini sunan wasan wanda ya buɗe: Gajimare. Babu mai wannan sunan a kulob, wato wani ne ya buɗe suna na biyu a ɓoye. Kullum ranar makaranta, sau ɗaya, wani lokacin sau biyu.

Mai Tabarau, wani yaro a kulob ɗinmu, yana zama kusa da taga. Yana yawan kallon sama idan umarninsa ya ƙi aiki. Ban ce komai ba, na dai lura.

Amma ba nawa ba ne yake kashe sabar. Na gwada shi ya fi sau goma ranar da na saka shi, kafin in ƙifta ido ya dawo. Ba nawa ba ne.

An cire na Aku yau bayan an tashi. Malama ta kulle ma'ajiyar 'yan aike, babu mai ƙarawa babu mai ragewa sai ita.

Juma'a, 7 ga Maris

Ba ta mutu ba.

Na riga kowa shiga, sha ɗaya saura minti biyar, na leƙa shafina da sauri in ga ko Gajimare ya zo jiya, na bar shi yana buɗewa a bayan wasan don kar a gani. Sannan kowa ya shigo. Muka zauna muna wasa kamar masu jiran sakamakon asibiti. Sha ɗaya ta wuce. Da minti ɗaya. Da biyar. Kogi yana ta gudu abinsa.

Shugaba ta ce, "To kun gani." Malama ta ce kwana ɗaya ba hujja ba ce, a bari zuwa Talata.

A hanyar gida Aku ba ta yi magana ba har muka wuce kantin magani. Aku fa, wadda ko a jarrabawa sai an ce ta yi shiru. Sannan ta ce babanta ya riga ya gaya wa mai motar da yake tuƙawa cewa ba zai ɗauki kaya ranar sha biyar ba. Wata biyu rabonsa da gida. Ya ce zai zo ya ga ruwan da 'yarsa take saukarwa.

Ta kira ni da sunan da aka laƙaba mini, ta ce, "Shiru, me zan ce masa? In ce ya zo ya ga yadda nake riƙe wa mutane jaka?"

Na ce wataƙila a gano wani abu. Ta ce ke dai kullum wataƙila.

A raina na ji sanyi da ba ta mutu ba. Wato ba nawa ba ne. Allah ya yafe mini wannan sanyin.

Asabar, 8 ga Maris

Wanki. Umma ta ce na zuba bula kamar ina rina kayan makaranta, wai hankalina yana wace tasha. Tasha ta ce. Na ɗauka ta ga wasiƙun, ashe maganarta ce kawai.

Lahadi, 9 ga Maris



Da la'asar na ɗauki wayar Umma in saka sabuwar wasiƙa. Tun Juma'a ban buɗe shafin ba. Na danna, 'yar da'irar nan ta fara juyawa. Kullum yana yin haka da farko, ni kuma kullum a lokacin nake gyara kalmomi a takarda, ban taɓa kula ba. Yau babu abin gyarawa, sai na zuba masa ido. Agogon falo yana gabana.

Daƙiƙa saba'in da huɗu.

Na rufe na sake buɗewa. Nan take ya fito.

Na shiga wurin da na yi rajistar shafin, na karanta ƙananan rubutun da na tsallake ranar farko. Shafin kyauta ne, kuma shafin kyauta barci yake yi idan aka yi rabin awa babu wanda ya taɓa shi. Mai zuwa na farko shi zai tsaya a ƙofa har ya farka.

Ni kuma na rubuta ɗan aikena ya je ya tsaya. Ban ba shi wa'adi ba. Ban ce masa idan ba a buɗe ba ka dawo ba. Ya riƙe hannun sabar ya tsaya a ƙofar mai barci, saba'in da huɗu, mai gadi kuma sittin yake ƙirgawa.

Ranar da na gwada sau goma, a farke shafin yake, don a lokacin na gama saka wasiƙa. Ranakun da ba ta mutu ba, ranakun da na leƙa shafin ne kafin hutu. Juma'a ma ni ce na tashe shi da hannuna. Ni ce na sa aka ce kun gani.

Gajimare yana shiga da zarar an fito hutu, a daidai lokacin da na Aku ke fita. Shi ke nan laifinta, ta fita lokaci ɗaya da ɓarawo.

Umma ta leƙo ta ce wayar ta cinye ni ne. Na ce kaina ke ciwo. Ta taɓa goshina ta ce lafiyata ƙalau, in zo in yanka albasa.

Na yi kuka sosai, kuma babu wanda ya tambaya.

Litinin, 10 ga Maris

Na shiga sha ɗaya saura biyar na tashi shafin. Da gangan.

Ba ta mutu ba.

Na ce wa kaina sai na yi tunani tukuna. Tunanin ga shi: idan na faɗa, za a buɗe akwatin a gaban kowa. Wasiƙa goma sha tara. A ta shida na ce mai gadin tashar yana cire tabaransa ya goge da gefen riga idan ya rasa abin faɗa. Duk ajinmu zai sani kafin a tashi, gobe duk makaranta. Gara ƙasa ta tsage.

Na yi tunanin goge shafin gaba ɗaya. Amma idan na goge, mutuwar ta tsaya har abada, kuma har abada Aku ce.

Idan kuma na bar shi yana barci gobe ta mutu, za a san ba Aku ba ce, ba tare da na buɗe baki ba. Wannan dabarar ta yi mini daɗi har na kusa yin murmushi. Sai na tuna Malama ta ce idan ta sake mutuwa bayan an cire na Aku, za ta kwashe 'yan aiken kowa ta kai garin haka nan tsirara, ko ta fasa zuwa. Ruwan Aku dai ba zai sauka ba.

Ta kawo mini biskit yau, ta ce in ci, ita ba ta jin yunwa. Na ci. Wace irin mutum ce ni.

Talata, 11 ga Maris

Na sake tashin shi. Kwana uku ke nan lafiya, Malama ta ce magana ta ƙare, gobe za ta miƙa sunaye. Ta ce wa Aku ba hukunci ba ne, shekara mai zuwa tana nan. Aku ta ce to Malama, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba.

Wani abu kuma.

Na nemi izini in sake duba rajistar ranar Laraba, wai ina son koyo. Malama ta yi mamaki da ta ji muryata, ta ba ni. Ina neman sawun ɗan aikena ne in ga ko ya bar shaida. Babu. Amma lokacin yana tsalle: sha ɗaya daidai, sai sha ɗaya da minti ɗaya da rabi. A tsakani babu ko layi ɗaya, ko shigar mutum, ko dawowar na Aku. Na duba ranakun da ba a mutu ba, na Aku yana dawowa cikin daƙiƙa biyu, kuma ana rubutawa. A ranakun mutuwa an yanke wurin. Sabar ba ta yanke wa kanta rajista.

Ina cikin wannan na ɗaga kai. Kwamfutar Shugaba tana kusurwa, kullum allonta a karkace yake wajen bango. Amma yau an wanke gilashin kabad ɗin da ke bayanta. A cikin gilashin na ga ɗan ɗakina. Na ga akwatin a buɗe. Ta tallafe haɓa da hannu tana karantawa, leɓenta yana motsi, fuskarta kamar ba tata ba.

Mai Tabarau yana can yana faɗa da wata katanga da ta ƙi miƙewa. Bai taɓa sanin akwai tanki a garin ba ma, ina jin.

Ban san wanne ya fi ciwo ba. Mako biyu ina zaɓar kalmomi saboda shi.

Ita ce take tayar da sabar, ita ce take kawo rajista. Tana goge shigar Gajimare don kar a ga Shugaba guda tana karanta wasiƙun soyayya a bayan tanki, sai ta haɗa da abin da zai wanke Aku. Ko ta san akwatin ne yake kashewa? Wani lokacin yana buɗe mata lafiya, to tana iya cewa ba shi ba ne. Ni ma haka na yi ta ce wa kaina.

Ba ni da bakin zaginta.

Laraba, 12 ga Maris

Ban tashi shafin ba.

Malama ta shigo da takardar sunayen a hannu, ta ce kowa ya zauna kar a kunna komai tukuna. Ta fara karantawa. Na ɗaga hannu, ba ta gani ba, don ba ta saba duba wajena ba. Sai na miƙe. Kujerar ta faɗi ta baya.

Na ce, "Malama, akwai wani ɗan aiken da yake fita waje."

Ta ce na wa. Na ce nawa. Ta ce fitilu ba sa buƙatar intanet. Na ce ba fitilu ba ne, a cikinsu dai yake. Daga nan ban san yadda na yi ba, na faɗi barcin shafin, da saba'in da huɗu, da sittin ɗin mai gadi, da yadda na riƙa tashinsa. Idona yana kan igiyar wuta da ke ƙasa. Wani a baya ya ce ashe tana magana.

Malama ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi. Ta ce, "Zance ba ya gyara na'ura. Zo ki kashe ta mu gani."

Ta haɗa kwamfutata da majigi. Kowa yana kallo na bi ta bayan kasuwa, na zagaya tanki, na tura bangon da ba bango ba. Na tsaya gaban akwatin. Ta ce buɗe. Na buɗe.

Komai ya ƙame. Malama ta ɗaga agogonta, sai 'yan kulob suka kama ƙirgawa da baki, a hankali da farko. A hamsin da tara na rufe ido. Fanka ta yi shiru.

Ta ce a tayar, a sake buɗewa yanzu da shafin ya farka, don gwaji ɗaya rabin gwaji ne. Na ce Malama don Allah. Ta ce ko minti ɗaya ba za a yi ba.

Ya buɗe nan take. Wasiƙa ta goma sha tara, a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu. "Na goge tabarauna sau uku yau, amma ba su ne suka yi hazo ba."

Malama ta sa littafi ta rufe bakin majigin da sauri, amma an riga an karanta. Wani ya yi tari irin na ƙarya. Duk kawuna suka juya wajen taga. Mai Tabarau ya cire su ya fara gogewa da gefen riga, sai ya gane abin da yake yi, ya mayar da su a karkace. Dariyar da aka yi, har malamin ajin kusa ya leƙo.

Ban mutu ba. Na jira, ban mutu ba.

Da aka lafa Malama ta ce saura abu ɗaya. Idan haka ne, ya kamata rajista ta nuna buɗe akwatin kafin kowace mutuwa, kuma ita ba ta gani ba. Ta kalle ni. Na ce ban taɓa rajista ba, ba ni da kalmar sirri. Ta ce ta sani. Ta ce ko na san mai buɗewa. Na ce sunan wasa kawai nake gani. Wannan gaskiya ce, rabinta.

Malama ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Shugaba ta ce, "Ni ce, Malama." Ba ta miƙe ba. Ta ce ita ta goge, ta ɗauka layukan ba su da amfani. Sai ta ce a'a, ba haka ba ne, ta goge ne don kar a gani. Babu wanda ya yi dariya wannan karon, ina jin tsoro ne.

Malama ta ce mu biyu mu same ta bayan an tashi. Ta ciro biro ta gyara takardar a gabanmu, ta mayar da sunan Aku.

Aku ba ta kalle ni ba. A bakin ƙofa na riƙo hannun rigarta. Ta ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce Lahadi. Ta ƙirga da yatsu, Litinin, Talata. Ta ce, "Kika ci biskit ɗina." Ta zare hannunta ta tafi.

Alhamis, 13 ga Maris

Hukunci: an karɓe kalmar sirri daga hannun Shugaba har ƙarshen zango, ni kuma sharar ɗakin kwamfuta na mako biyu. Sannan Malama ta ce akwatin ba za a cire shi ba sai na gyara shi, don wanda ya gudu daga kuskurensa zai sake yin sa a wani wuri.

Awa biyu muka yi bayan an tashi. Yanzu ɗan aiken yana tafiya shi kaɗai, ba ya riƙe hannun kowa. Akwatin yana cewa "wasiƙa tana hanya", garin yana ci gaba da harkarsa. Idan daƙiƙa biyar ta cika ba a amsa ba, ya dawo ya ba da ta jiya. Layi tara kacal. Layi tara ne tsakanina da duk wannan.

Malama ta sa na yi wa na Aku irin wannan gyaran, wai shi ma sa'a ce take kai shi tana dawo da shi. Muka bar shafin ya yi barci, muka buɗe sau uku. Kogi bai tsaya ba.

Da zan fita Shugaba tana tsaye a baranda. Na so in bi ta ɗaya hanyar. Ta ce, "Ke." Na tsaya. Ta daɗe tana gyara madaurin jakarta, sannan ta ce, "Mai ɗinkin nan, ta san yana yi kuwa?" Na ce ban yanke ba tukuna, Anti. Ta ce kar in sa ta zama sakarya, mace tana sanin mai kallon tagarta. Ta wuce.

A mota 'yan aji uku suna ta kiran jirgi ya iso, jirgi ya iso. Na kalli waje.

Asabar, 15 ga Maris

Ba ta mutu ba, awa biyar.

Wajen sha biyu aka fara yayyafi a waje, da awa ta cika ruwa ya sauka a garinmu. Baban Aku, wani dogon mutum mai jajayen idanu na rashin barci, ya kalli taga ya kalli allo ya sake kallon taga. Ya ce, "Ke kika yi wannan?" Ta ce eh Baba. Ya ce a sake. Ta ce ai sai Allah ya sake.

Ni ina can baya wajen igiyoyi. Ba ta gabatar da ni ba. Daidai ne.

Litinin, 17 ga Maris

Shara. Ƙurar da ke bayan kabad ta fi ni shekaru.

Malama ta fita amsa kira, wani sabon ɗan kulob ɗan aji biyar ya zauna zai saka ɗan aikensa mai ɗauko sakamakon ƙwallo. Ina wucewa da tsintsiya na ga allonsa. Na ce kar ya saka. Ya ce ke a wa. Na ce bai ba shi wa'adi ba, ya matsa in nuna masa. Ya matsa.

Don Malama ba ta nan ne kawai. Da tana nan ai ita za ta faɗa.

Aku tun Laraba ta bar kusa da ni, har yanzu a layin gaba take zama. Amma da aka kusa tashi ta juyo ta ce in ara mata biro, alhali ga nata a bayan kunne. Na ba ta. Ba ta dawo da shi ba, kuma gobe zan tambaye ta.